Na ga rijiya mai kai ruwa har saman bene a gidan attajiran Fulorans na da

Habu_Firato:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ke nan ina aiki a Firato (Prato), garin da ke kusa da Fulorans (Florence) a Italiya, amma sai Lahadin da ta wuce na taɓa shiga gidan tarihi a Fulorans. Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya ce in rabu da manyan wuraren da baƙi ke yin dogon layi, in nemi Palazzo Davanzati a titin Porta Rossa. Gida ne na iyali guda, an gina shi a ƙarni na 14, yanzu an buɗe shi don a ga yadda manyan gari suka yi zama a lokacin da Turawa ke kira zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha.

Daga titi za ka ga manyan ƙofofi uku. Kana shiga sai zaure mai faɗi, daga nan sai tsakar gida 'yar ƙarama wadda sama ke buɗe, ga matakala tana hawa da kai. Abin da ya tsayar da ni shi ne rijiya. A cikin gidan take, kuma an yi mata rami a jikin bango tun daga ƙasa har sama, kowane hawa da 'yar tagarsa. Mutum yana hawa na uku zai buɗe taga ya ja igiya, guga ya iso masa da ruwa. Ga makewayi a hawa-hawa, kusa da ɗakunan kwana. Ɗakin girki kuwa can sama suka kai shi. A babban falon hawa na farko akwai ramuka a daɓe masu murfi, in ka ɗaga kana ganin wanda ya shigo zaure.

Ni dai na fito ina cewa a raina wannan ai babban gidan Bahaushe ne aka miƙar da shi tsaye: zaure na baƙi da ciniki, tsakar gida, rijiya, iyali a ciki nesa da idon titi. To amma tambayata ga masana a nan, haka mutanen suka rayu da gaske, ko dai an shirya mana abin ne don ya burge mu?

MamanIlham:
Wa alaikumus salam. Ɗakin girki a saman bene? To itace da ruwa da buhun gari wa ke hawa da su? Ni wannan ne ya fara zuwa min.

Magini_Dala:
Malam Habu, a matsayina na wanda ya yi shekara talatin yana gini, batun kicin a sama bai ba ni mamaki ba. Wuta sama take ci. Gidan da rufinsa da daɓensa katako ne, in gobara ta tashi a ƙasa kowa na sama ya shiga uku, in kuwa a sama ta tashi rufin kawai za ta ci mutane su sauko. Ga hayaƙi da zafi da ƙaurin girki duk su tashi su bar ɗakuna. Hikima ce ta wanda filinsa ƙarami ne. Mu da muke da fili muna kai madafa gefen tsakar gida, dalilin ɗaya ne, a raba wuta da wurin kwana.

Abin da nake so ka ƙara bayani a kai shi ne ramin rijiyar. Da tubali aka ɗaure shi ko dutse? Don danshi na bin bango, kuma gidan da ya yi shekara sama da 600 da rami mai ɗauke da ruwa a cikinsa, maginansa sun san aikinsu.

Habu_Firato:
Baba Magini, ramin a cikin kaurin bangon yake, daga tagar kana leƙa duhu ne har ƙasa. Igiyar tana ratsa wani abu mai juyawa a can sama. Ruwan ba ya kwanciya a bangon, guga ne kawai ke wucewa.

MalamNaTarihi:
Madalla da wannan ziyara, Malam Habu, gani ya kori ji. Tambayarka tana da amsa biyu, don ginin daban, kayan cikinsa daban.

Ginin na gaske ne. Iyalin Davizzi ne suka gina shi, fatake ne na tufafin ulu kuma masu harkar kuɗi. A 1516 gidan ya koma hannun iyalin Bartolini, a 1578 kuma Bernardo Davanzati ya saye shi, shi ya sa ake kiransa da sunansu. Su ne suka ƙara rumfar nan mai ginshiƙai da ke can ƙololuwar gidan. Zuriyarsa ta riƙe shi har 1838. Bayan nan gidan ya lalace, aka yayyanka shi ɗakunan haya da shaguna.

Kayan ciki kuwa labarinsu daban. A 1904 wani dillalin kayan tarihi mai suna Elia Volpi ya sayi gidan, ya gyara, ya fito da zanen bangon da aka shafe, ya cika ɗakunan da tsofaffin kayan da ya tattaro, ya buɗe wa jama'a a 1910. A 1916 ya kwashe kayan ya yi gwanjonsu a New York. Gwamnatin Italiya ta sayi gidan a 1951, ta buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1956 da kayan da aka haɗo daga wasu wurare. Saboda haka gadon da ka gani tsoho ne da gaske, amma ba a kansa matar Davizzi ta kwana ba. Rijiyar da makewayin da zanen bangon su ne shaidun da ba wanda ya kawo su daga waje.

BaKatsine77:
To ashe ma shago ne aka yi wa ado. Dillali ya jera hajarsa a tsohon gida don Amurkawa su saya, mu kuma yanzu a ce mana ga rayuwar mutanen da. Ni fa irin waɗannan wuraren ban cika yarda da su ba.

Ummi_Bolonya:
Yaya BaKatsine, ka yi saurin yanke hukunci. Ina karatun gyaran tsofaffin gine-gine a Bolonya, an kai mu gidan nan sau biyu. Gaskiya ne Volpi ɗan kasuwa ne kuma ribarsa yake nema. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 an rushe tsohuwar tsakiyar Fulorans, kasuwa da unguwannin da ke kewaye da ita, aka yi dandalin da yanzu ake kira Piazza della Repubblica. Taku kaɗan ne daga gidan nan. Gidaje irinsa da yawa sun tafi a lokacin. Wannan ya tsira, kuma da ba a sami wanda ya zuba kuɗi a kansa ba da yanzu ba mu da abin da za mu yi musu a kai.

Kuma masu shirya ɗakunan ba da ka suke yi ba. Mutanen Fulorans marubuta lissafi ne ƙwarai. In maigida ya mutu ya bar marayu, akan rubuta duk abin da ke gidan ɗaki-ɗaki, har cokali da zanin gado. Takardun nan suna nan da yawa, da su ake sanin me ake ajiyewa a ɗakin kwana, me ake ajiyewa a falo.

BaKatsine77:
Na ji, ƙanwata. Amma takarda tana faɗin kaya ne, ba ta faɗin wari da sanyi da kukan yara. Gidan da aka share aka goge aka sa igiya kada a taɓa, ba gida ba ne kuma.

Ummi_Bolonya:
A nan kam na yarda da kai. Misali sanyi. Yawancin tagogin wancan lokaci ba gilashi gare su ba, ƙyalle ne ake shafa wa mai ko kaki a ɗaura a katako don haske ya ɗan shigo. Ka ƙaddara watan Janairu a ɗaki mai tsawon rufi irin wannan, murhu ɗaya a jikin bango. Shi ya sa gadajensu suke da tudu da labule. Wanda ya je a bazara da rigarsa shara-shara ba zai ji wannan a jikinsa ba.

Alhaji_Fagge:
Ni abin da ya ɗauki hankalina a bayanin Malam shi ne waɗannan mutane ba sarakuna ba ne, 'yan kasuwa ne. Habu ya ce manyan gari, na ɗauka jinin sarauta ne.

MalamNaTarihi:
Haka ne, Alhaji, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar garin. Fulorans a lokacin jamhuriya ce, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ke mulkinta. A 1293 ma sun kafa doka da ta hana tsofaffin gidajen masu takobi riƙe manyan muƙamai. Girman gida a wurinsu daga dukiya yake, da daɗewar suna a gari, da yawan muƙaman da kakanni suka riƙe, da gidan da ka auro ko ka aurar. Su kansu Medici, iyalin da suka zo suka fi kowa ƙarfi a garin, da banki suka fara, an kafa shi a 1397, sai a 1532 ɗayansu ya zama mai sarautar gado a garin. Daga nan ne jikokin fataken nan suka koma masu laƙabin sarauta. Saboda haka in an ce gidan manya, ka kawo gidan babban attajiri a ranka, irin wanda sarki ma ke neman rance a wurinsa.

Ramukan daɓen da Habu ya gani ma suna da alaƙa da wannan. Gidajen da suka riga wannan a garin hasumiyoyi ne na kare kai, don iyalai suna faɗa da juna a kan titi. Wannan gida yana tsakanin zamani biyu, ya fara neman jin daɗi amma bai daina tsoro ba. Ta ramukan ake ganin mai shigowa, in maƙiyi ne a sako masa abu a ka.

Uwargida_Zariya:
Ku maza kun tafi siyasa da gini. Habu, gaya mana ɗakin matar gida. Me ka gani?

Habu_Firato:
Hajiya, ɗakunan kwana su suka fi ko'ina kyau. An zane bangon kamar an rataya yadi tun daga sama har ƙasa, har da ƙugiyoyin da suka riƙe shi, duk fenti ne. Akwai ɗakin da aka cika da zanen aku, da shi ake kiransa, akwai na ɗawisu mai tambarin gidaje daban-daban. A saman yadin sai a zana itatuwa da tsuntsaye kamar kana hango lambu. Na ga manyan akwatunan katako masu zane, an ce na kayan amarya ne. Na ga wani faranti na katako mai zane gaba da baya, wai a kansa ake kai wa mai jego abinci. Akwai kuma wurin da aka ajiye tsofaffin leshi na hannu, da na gan su sai na tuna mahaifiyata.

Ɗaki ɗaya ne ya dame ni. An zana labari ne a kewayen bangon, daga farko har ƙarshe. Matar wani basarake ta nemi wani jarumi, ya ƙi don yana da wadda yake so a ɓoye. Sai ta yi masa ƙazafi wurin mijinta. Don ya wanke kansa ya faɗa wa basaraken sirrinsa, shi kuma ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta yi wa yarinyar gori a bainar jama'a. Yarinyar ta mutu don baƙin ciki, jarumin ya kashe kansa, basaraken ya kashe matarsa. An ce don bikin aure aka zana shi. Amarya ta buɗe ido kullum ta ga wannan?

Uwargida_Zariya:
Subhanallah. Farkon labarin ya tuna min makircin matar Azizu. To ai huɗuba ce aka yi mata a bango. Mu a baki ake yi, gwaggo da inna su zaunar da ke daren da za a kai ki, yi na yi bari na bari, riƙe sirrin mijinki. Su sun rubuta da fenti don kada ta manta. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne da tsoro aka yi nasihar, ba da lallashi ba.

Zainabu_Kumasi:
Faranti na mai jego ya burge ni. Ashe su ma sun san darajar wadda ta haihu. Akwatunan nan kuma lefe ke nan ko?

Ummi_Bolonya:
Anti Zainabu, kusa da lefe amma ba shi ba ne sak. Akwatunan galibi biyu-biyu ake yin su, a zuba tufafi da kayan shimfiɗar amarya, a da har a zaga da su titi ranar kai ta don gari ya gani. Bambancin babba shi ne kuɗin aure. A wurinsu uban yarinya ne ke biyan dukiya mai yawa ga ango. Nauyin ya yi tsanani har a 1425 gwamnatin garin ta buɗe wani asusu, uba ya zuba kuɗi tun 'yarsa tana ƙarama, bayan shekara bakwai da rabi ko sha biyar su haihu a biya mijin. Uban da ke da 'ya'ya mata da yawa kuma ba zai iya aurar da duka ba, sai ya kai wasu gidan zaman ibada na mata Kirista inda ba a aure, ko suna so ko ba sa so, don can kuɗin shiga bai kai na aure ba.

Ƙidayar haraji ta 1427 ta nuna 'yan mata na aure wajen shekara 18, maza kuwa wajen 30. Shi ya sa zawarawa suka yi yawa. In mijin ya mutu danginta na iya ɗauke ta da dukiyarta su sake aurar da ita, 'ya'yan kuma su zauna a gidan uba.

MamanIlham:
Wannan asusun da za a kawo mana shi da iyaye sun huta da bashin kayan ɗaki. Mu sadaki daga namiji yake, amma ku tambayi duk wanda ya aurar da 'ya a bana nawa gado da kujeru da kayan kicin da gara suka ci masa. Ƙanwata an ɗaga bikinta sau biyu a kan wannan.

Alhaji_Fagge:
Hajiya, asusun da kuɗi ke haihuwa ai riba ce. Ba za mu ɗauko wannan ba. Adashi da taimakon dangi sun fi mana, ko kuma a rage buri.

MalamNaTarihi:
Alhaji, ka taɓo abin da su ma ya dame su. Cocinsu ya haramta cin riba a kan bashi, malamansu sun yi ta jayayya a kan irin waɗannan asusai. Masu banki sukan bi ta hanyar canjin kuɗi tsakanin gari da gari don ribar ta ɓuya a cikin farashin canji. Da yawansu in tsufa ya zo sai su gina coci ko su yi wasiyya da dukiya ga talakawa saboda tsoron abin da suka ci. A garin da Habu yake zaune akwai gidan wani babban ɗan kasuwa, Francesco Datini, da ya rasu a 1410 ya bar dukiyarsa ga matalautan Firato. Wasiƙunsa kusan 150,000 suna nan a ajiye, har da waɗanda suka yi ta musaya da matarsa a kan cefane da barori da makullan gida. Habu, wannan yana bakin ƙofarka.

Habu_Firato:
Wallahi Malam kullum ina wuce gunkinsa a dandalin gari. Zan shiga gidan insha Allah.

MamanIlham:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa min tambayata ta farko. Wa ke hawa da itacen?

Sadiku_Agadas:
Hajiya MamanIlham, tambayarki ita ce ta fi duka nauyi a wurina. Barori ne da bayi. Bayan annobar 1348 da ta kashe wajen rabin mutanen garin, hannun aiki ya yi ƙaranci, a shekarun 1360 hukumar Fulorans ta halatta shigo da bayi muddin ba mabiya cocinsu ba ne. Yawancinsu 'yan mata ne daga yankin Baƙin Teku, Tatar da Sarkasiyawa da Rashawa, daga baya aka fara kawo 'yan Afirka ta hannun Fotugal. Aikin gida suke yi. Cosimo de Medici kansa, jagoran gidan Medici a zamaninsa, yana da ɗa, Carlo, da wata baiwa ta haifa masa.

Sannan jariran manyan gida sau da yawa ba uwa ke shayar da su ba, ƙauye ake kai su wurin mai shayarwa a biya ta, ita kuma nata jaririn ya rasa nono. Gidan marayu na Innocenti da aka buɗe a 1445 ya karɓi 'ya'yan barori da bayi da yawa. Duk waɗannan ba su da ɗaki mai zanen aku. Mai ziyara ya ga guga ya yaba dabara, amma hannun da ya ja igiyar sau hamsin a rana ba a rubuta sunansa a allo ba.

BaKatsine77:
Yauwa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Ana nuna maka ɓangaren maigida a ce maka tarihi ne.

Habu_Firato:
Malam Sadiku, maganarka ta shige ni. Ni da nake ɗaukar kaya a sito ya kamata in fara tuna wannan. Amma in yi wa wurin adalci, ɗakin girkin yana cike da kayan aikin hannu: abin kaɗi, masaƙa, abin kwaɓa fulawa, ƙarfen juya nama a kan wuta, dutsen guga. Duk wanda ya taɓa aikin ƙarfi in ya tsaya a wurin ya kalli tsawon matakalar da ya hawo, zai gane. Ba a ɓoye su ba, sai dai ba su da baki.

Kuma akwai rubuce-rubuce da zane-zane da mutane suka yi a bango da gawayi ko ƙarfe, an bar su. An nuna min wanda ya rubuta ranar da aka kashe Giuliano de Medici a babban cocin garin, 26 ga Afrilu 1478. Wani ne ya ji labari ya juya ya rubuta a bango. Wannan kam ba dillali ne ya kawo shi ba.

Dan_Damagaram:
Ni kwatancen da Habu ya yi da gidan Bahaushe ne ban gamsu da shi ba. Gidanmu a kwance yake, kowace mace da ɗakinta da 'yar farfajiyarta, ana ƙara ɗaki in iyali sun ƙaru. Rayuwar a tsakar gida take, ƙarƙashin sama. Nasu kuwa hawa-hawa ne, tsakar gidan don haske da iska ce kawai, ba wurin daka da shanya da hira ba. Zaure da rijiya kowane mai hali a duniya yana yi. Kada son kamanta abu da namu ya hana mu ganin shi yadda yake.

Magini_Dala:
Ɗan Damagaram ya yi gaskiya rabi. Siffa ta bambanta saboda ƙasa da yanayi. Amma tunanin ɗaya ne: baƙo yana da iyaka, abokin ciniki ya tsaya a nan, aboki ya ƙara gaba, dangi su shige ciki. Mu da zaure da shigifa muke yin wannan, su da matakala.

Dan_Damagaram:
Na karɓi wannan, Baba. Iyakar baƙo kam akwai ta.

Injiniya_Bichi:
Ban son mu cika yabon makewayin nan. Rami ne da ke sauka ƙasa zuwa shadda a ƙarƙashin gida, rijiya kuma tana cikin gida ɗaya. Duk wanda ya san aikin ruwa ya san hatsarin da ke nan. Annoba ta yi ta dawowa garin bayan 1348. Garin da ya kai wajen mutum 100,000 kafin annobar, a ƙidayar 1427 bai kai 40,000 ba. Jin daɗi ne a ma'aunin lokacinsu, amma ba lafiya ba ce.

Ummi_Bolonya:
Injiniya, gyara kaɗan. Waccan annobar ta ƙuma da ɓeraye ce, ba ta ruwan sha ba. Amma batun kusancin shadda da rijiya gaskiyarka ne, ciwon ciki ya kashe yara da yawa a biranen lokacin.

Injiniya_Bichi:
Na gode da gyara, haka ne.

Alhaji_Fagge:
Malam na tarihi, lokacin da ake wannan rayuwa a can, mu ina muke? Akwai wata hulɗa ko kowa harkarsa yake?

MalamNaTarihi:
Akwai, Alhaji, ko da yake ta hannu da hannu ce. Fulorans ta fara buga kuɗinta na zinariya, fulorin, a 1252, kuma kaso mai yawa na zinariyar da ke yawo a Bahar Rum a ƙarnukan nan daga Afirka ta Yamma ta ƙetaro Sahara. Wani ɗan Fulorans, Benedetto Dei, ya rubuta cewa ya je Tumbutu wajen 1470. Lorenzo de Medici ya riƙe garin daga 1469 zuwa 1492, daidai zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Sannan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an kama shi a teku a 1518 aka kai wa Fafaroma Leo na 10, wanda ɗan Lorenzo ne. A Italiya ya rubuta littafinsa kan Afirka, aka buga a birnin Banis (Venice) a 1550, a ciki ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ke nan lokacin da Bernardo Davanzati ya sayi gidan nan a 1578, mai karatu a Fulorans yana iya sanin sunan Kano.

Zainabu_Kumasi:
Allah Ya ƙara ilimi, Malam. Ban taɓa jin wannan ba.

Uwargida_Zariya:
Ni kuka wannan hirar ta sa ni. Gidan kakanmu a cikin birni yana da soro mai bakan gizo da zanen bango na hannu, da rijiya a tsakar gida da duk unguwa ke ɗiba. Bayan rasuwarsa aka raba gado, magada sun fi arba'in, ba wanda zai iya sayen rabon sauran. Aka sayar, cikin sati biyu aka baje shi aka yi shaguna. Tasoshin kakata da fantekokinta da taskirarta da gadonta na ƙarfe, har yau ban san inda suka shiga ba. Ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba. BaKatsine yana cewa gidan da aka sa wa igiya ba gida ba ne. Ni da za a dawo min da namu ko da igiya goma ne, in kai jikokina su tsaya a bakin ƙofa su leƙa, na gode wa Allah.

BaKatsine77:
Allah Ya jiƙan magabata, Hajiya. Ban yi nufin a rushe ba. Nufina in za a nuna, a nuna duka, da na sama da na ƙasa.

Magini_Dala:
Muna da Gidan Makama a Kano da Gidan Ɗan Hausa, kuma suna da amfani. Amma abin da Hajiya ke nufi daban ne, gidan iyali da aka bari a matsayin gidan iyali: turaka, ɗakin uwargida da jerenta, madafa, rumbu. Matsalar ginin ƙasa ita ce yana son hannu kowace shekara, in damina biyu ta wuce ba yaɓe ya fara tafiya. Dutsen Fulorans yana jure sakaci na shekara sittin, namu ba ya jurewa. Kuma masu iya ɗaurin bakan gizo da azara muna ƙarewa.

Sadiku_Agadas:
A tsohon garin Agadas akwai gidajen ƙasa da ake kai baƙi su gani, kuma tun da aka sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013 an ƙara kula. Amma mutane na zaune a yawancinsu, shi ya sa suke tsaye.

Dan_Damagaram:
To wannan ya dawo da mu tambayar Habu. Gidan da mutane ke ciki yana canzawa, a sa siminti a ja wuta. Wanda aka fitar da mutane kuma ya daskare. Wanne ne ya fi faɗin gaskiya?

Ummi_Bolonya:
Ko malamanmu ba su daidaita a kan wannan ba, Yaya. Ga mai niyyar zuwa dai, gidan bai fi tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa daga babbar tashar jirgin ƙasa ba, kusa da kasuwar nan mai gunkin gadu na tagulla. Ku tambaya tun a ƙofa ko hawan sama a buɗe yake, don kada ku dawo ba ku ga ɗakin girkin da ɗakin labarin ba. Ku kuma ɗaga kai ku dubi fuskar gidan daga titi, akwai ƙarafa a gefen tagogi da ake gitta sanduna a kai don shanya ko rataya kejin tsuntsu ko yadin ado ranar biki.

Habu_Firato:
Na ga ƙarafan ban san amfaninsu ba. Zan koma wata mai zuwa da yarana biyu. Wannan karon daga sama zan fara, in ƙirga matakalar daga rijiya zuwa murhu.

MamanIlham:
In ka ƙirga ka zo ka faɗa mana nawa ne. Ka kuma duba min ko akwai inda masu aikin suke kwana.